Cinikin Itatuwan Rage Ƙiba da Ciwon Sukari: Ina Ribar Take, Ina Haɗarin Yake?

GOMBE: Wanda duk ya baro tsakiyar birnin Gombe ya ɗauki hanyar Bauchi, ba zai yi nisa ba zai iske kansa a Tumfure, unguwar da a takarda take ƙarƙashin ƙaramar hukumar Akko, amma a zahiri ta riga ta haɗe da birnin. Tun daga lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da 'yan kwangila suka yi ta sayen filaye a wannan shiyya suna gina gidaje, har ta zama ɗaya daga cikin unguwannin masu albashi da abin hawa. Inda masu albashi suka taru kuwa, nan mai haja ke kafa teburinsa. Daga cikin hajar da ake gani yanzu a shagunan magungunan Musulunci da kantunan kayan masarufi na irin waɗannan unguwanni akwai garin zogale cikin roba, da hulba, da habbatus sauda, da kirfa, da kuma fakitin shayi iri-iri da aka rubuta wa “rage tumbi” ko “maganin sukari”.

Tambayar da masu jari ke yi ita ce ko wannan ciniki mai ɗorewa ne, kuma ta wace ƙofa ya kamata a shige shi. Kafin a ba da amsa sai an duba abin da gwaji ya tabbatar game da itatuwan, da abin da dokar ƙasa ta yarda a faɗa a kansu, domin mai talla da lasifika a kan mota ba ya ambaton ko ɗaya daga cikin biyun.

Ta fuskar buƙata dai babu tantama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Likitoci kan auna ta ne ta hanyar raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita wanda aka ninka sau kansa. Idan sakamakon ya kai 25, nauyi ya wuce kima. Idan ya kai 30, ƙiba ta zama larura. Alal misali, mutum mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 90 zai sami 31. A nan Nijeriya, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane. Ita kuwa Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya, a ƙididdigarta ta 2021, ta ce manya miliyan 24 ne ke da ciwon a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, miliyan 3.6 daga cikinsu a Nijeriya. Fiye da rabin masu ciwon a yankin ba su ma san suna da shi ba, kuma ƙungiyar ta yi hasashen adadin zai kai miliyan 55 a shekarar 2045.

Ƙiba, musamman ta tumbi, ba ta tafiya ita kaɗai. Kitsen da ya taru a ciki yana sa jiki ya rage jin sinadarin insulin, wanda shi ke kwashe sukari daga jini ya kai shi ga tsoka. Daga nan sai ciwon sukari da hawan jini da yawan kitse a jini su biyo baya, in aka yi sakaci kuma su ƙare da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Saboda haka ne mai sayar da shayin rage tumbi da mai sayar da garin maganin sukari suke farautar mutum ɗaya.

Wani abin lura shi ne, a kasuwar Hausa kalmar “maganin ƙiba” ta daɗe tana nufin abin da zai sa mutum ya yi ƙiba. Tumbi a da alamar wadata ce, amarya kuma ana so a kai ta ɗakinta da jiki, shi ya sa ƙwayoyin nan da ake kira “sha ka fashe” suka sami kasuwa duk da gargaɗin likitoci. Yau shago ɗaya na iya ajiye na ƙarawa a wannan kanta, na ragewa a ta kusa da ita.

Tsadar maganin asibiti ta ƙara ingiza jama'a zuwa ga ganye. Bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, kamfanin GSK ya ba da sanarwa a watan Agusta cewa zai daina harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, shi ma Sanofi, wanda ke cikin manyan masu yin insulin a duniya, ya bayyana a watan Nuwamba cewa zai miƙa rarraba kayansa ga dillali. Farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. Ciwon sukari da hawan jini kuwa ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a huta. Kullum ne, muddin rai. Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba, in ya ji an ce ga gari a roba zai wadatar, da wuya ya ƙi gwadawa.

To, mene ne gwaji ya nuna? Daga cikin itatuwan da muke nomawa, zoɓo ne ya fi sauran hujja, amma hujjar tasa a kan hawan jini take. A Jami'ar Tufts da ke birnin Boston na Amurka an gwada mutum 65 masu hawan jini mai sauƙi ko waɗanda suke dab da kamuwa da shi. Aka riƙa ba wasunsu kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, sauran kuma aka ba su wani abin sha mai kama da shi wanda babu zoɓo a ciki. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuwa da maki 1 kacal. Wani gwajin da likitoci suka yi a Inugu aka buga a 2015 shi ma ya nuna zoɓo yana sauke jini ga masu matsakaicin ciwo. Maki bakwai ba abin rainawa ba ne ga wanda awonsa ke 135, amma ba zai ceci mai 180 ba. Sa'an nan kuma zoɓon da ake ƙullawa a leda ko a dura a gora a sayar a bakin titi, an cika shi da sukari, wanda in mai ƙiba ya lizimce shi sai ya ƙara wa kansa wahala.

Ƙaro, wanda ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa da maƙwabtansu, kuma Nijeriya ke cikin manyan masu fitar da shi bayan Sudan da Chadi, an gwada shi a Jami'ar Khartum. An ɗauki mata 120 masu lafiya, aka ba rabinsu giram 30 kullum har mako shida. Rahoton da ya fito a 2012 ya ce ma'aunin ƙibarsu ya ragu da 0.32, wanda in aka juya shi zuwa nauyi bai cika kilo ɗaya ba ga mace mai matsakaicin tsawo, kuma wasu sun yi kukan kumburin ciki da gudawa a makon farko. Amfanin ƙaro shi ne ba ya narkewa a ciki kamar sitaci, yana aiki ne irin na dusa. A watan Disamban 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a lissafa shi cikin wannan rukuni na abinci, abin da ya buɗe masa sabuwar ƙofa wajen masana'antun ƙasar.

Haka labarin kuka yake. Farin garin 'ya'yan kuka, wanda a nan ake damawa da nono, ya sami izinin shiga kasuwar Tarayyar Turai a 2008, bayan da wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta kudancin Afirka mai suna PhytoTrade Africa ta nemi izinin ta kuma gabatar da takardun gwaji. A 2013 masu bincike a Jami'ar Oxford Brookes ta Ingila suka nuna cewa in aka cuɗa shi da farin burodi, sukarin jini ba ya tashi kamar yadda ya saba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma masu lafiya ne.

Zogale ya fi kowanne suna, amma sunansa ya fi hujjarsa girma. Babu mai musun cewa ganyen yana da abubuwan gina jiki da ƙarin jini, kuma kwaɗon zogale ya fi soyayyen abinci alheri ga mai tumbi nesa ba kusa ba. Sai dai yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan ɓeraye aka yi. Daga cikin 'yan kaɗan da aka yi a kan mutane akwai na masu bincike daga Italiya a sansanin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke Tinduf a Aljeriya, wanda aka buga a 2018. Sun zuba giram 20 na garin ganyen a abincin masu ciwon sukari 17, suka ga sukarin bai tashi sosai ba bayan cin abincin. Wannan gwajin cin abinci ɗaya ne, ba na wata shida ba, kuma waɗanda suka ci sun nuna ɗanɗanon bai yi musu daɗi ba.

Game da kirfa da garahuni ba sai an tsawaita ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta duba gwaji 10 na kirfa da ya ƙunshi mutum 577, da gwaji 4 na ɗan uwan garahuni na ƙasashen Asiya da ya ƙunshi mutum 479, ta kuma bayyana a 2012 cewa babu isasshiyar hujja a kan ko ɗaya wajen maganin ciwon sukari. Kirfar da ta fi yawa a kasuwa ma tana ɗauke da wani sinadari da ke taɓa hanta in aka yawaita. Hulba ta ɗan fi su alamar sauke sukari, sai dai gwaje-gwajenta ƙanana ne.

Hukunci mafi faɗi a kan rage nauyi ya fito ne daga Jami'ar Sidni ta Ostireliya a 2020. Masu binciken sun tattara gwaji 54 na magungunan itatuwa da aka yi a kan mutum fiye da 4,000, suka sa ƙa'ida cewa sai abu ya rage kilo biyu da rabi fiye da maganin bogi kafin a ce ya yi amfanin da likita zai kula da shi. Suka yanke cewa babu isasshiyar hujjar da za ta sa a ba da shawarar shan ko ɗaya. 'Yan kaɗan da suka nuna alamar kaiwa, ciki har da ƙwallon ogbono na kudancin ƙasar nan, gwaje-gwajensu ba su da yawa kuma ba su da ƙwari.

Yana da kyau ɗan kasuwa ya san abin da hajarsa ke gogayya da shi. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 masu dab da kamuwa da ciwon sukari, aka buga a 2002, waɗanda suka gyara cimarsu suka kuma riƙa motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba ƙwayar metfomin kuwa da kashi 31. Sabuwar allurar nan ta kamfanin Novo Nordisk na Denmak, wadda Amurka ta amince da ita domin rage ƙiba a 2021 da sunan Wegovy, ta rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyin jiki cikin mako 68 a gwaji, ko da yake tsadarta ta fi ƙarfin yawancin jama'armu. Babu ganyen da ya kusanci waɗannan alƙaluma.

Wannan ba ya nufin itatuwa ba su da sirri. Ita kanta metfomin, wadda ita ce ƙwayar farko da likitoci ke rubuta wa mai ciwon sukari, asalinta daga wani tsiro ne na Turai mai suna galega, wanda masu maganin gargajiyar can suka daɗe suna amfani da shi. Amma ɗanyen tsiron yana da guba, har tumaki yake kashewa. Sai da masana suka yi shekaru suna tace sinadarinsa kafin likitan nan na Faransa, Jean Sterne, ya gwada metfomin a kan marasa lafiya a 1957.

Labarin da ya fi dacewa mai jari ya riƙe shi ne na hudiya, wani tsiro mai ƙaya na hamadar Kalahari da mafarautan ƙabilar San ke taunawa don kashe yunwa a lokacin doguwar farauta. Cibiyar binciken kimiyya ta gwamnatin Afirka ta Kudu ta ware sinadarinsa ta yi masa rajistar mallaka a tsakiyar shekarun 1990, ta ba kamfanin Phytopharm na Ingila lasisi, shi kuma ya haɗa kai da Pfizer a 1998. Duniya ta ɗauka an gano maganin ƙiba. Mutanen San suka tashi neman haƙƙinsu, har aka rattaba hannu a yarjejeniyar raba riba da su a 2003, shekarar da Pfizer ya janye. Unilever ya karɓa a 2004, ya kashe kuɗin da aka ƙiyasta sun kai Yuro miliyan 20, sa'an nan shi ma ya watsar a 2008. Da aka buga sakamakon gwajinsa a 2011 aka ga dalili: mata 49 da aka gwada na kwana 15, waɗanda suka sha hudiya ba su fi sauran ramewa ba, sai tashin zuciya da amai da hawan jini da suka samu. A duk tsawon waɗannan shekaru kuwa kasuwannin Turai da Amurka cike suke da kafso mai sunan hudiya, da yawansu ma babu tsiron a ciki. Manoman da suka shuka shi da zaton samun arziki su ne suka kwana ciki.

Rashin amfani hasarar kuɗi ce kawai. Cutarwa kuwa tana iya kai ɗan kasuwa gaban alƙali. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba a birnin Burasel na Beljiyam ya riƙa ba mata wani haɗi na itatuwan ƙasar Sin. Mutum fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu suka koma wankin ƙoda, wasu daga baya aka same su da sankarar mafitsara. Bincike ya gano cewa an musanya saiwar wani tsiro da ta wani mai guba ne, saboda sunayensu sun yi kama da juna a kasuwa. Da zarar an niƙa saiwa ta zama gari, ido ba ya rarrabe ta. Wanda ke sayen niƙaƙƙen gari a buhu daga hannun dillalin da bai sani ba, ya zuba a roba ya manna sunansa, ya ɗauki alhakin abin da bai gani ba.

Sai kuma algus. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama shayi da kafso na rage ƙiba da aka rubuta wa “zallar ganye”, alhali an zuba musu sibutiramin, ƙwayar da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda tana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. An kuma sha samun ƙwayoyin sukari na asibiti a daka cikin garin gargajiya, wanda in mara lafiya ya haɗa da nasa maganin sai sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas. Da yawa daga shayin rage tumbi kuwa sirrinsu filasko ne ko danginsa, wato maganin wankin ciki. Mai sha zai yi ta zagayawa, sikeli ya nuna ya ragu da kilo ɗaya ko biyu, amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan daram. Haɗarin da ya fi duka, wanda likitoci ke yawan kuka da shi, shi ne mara lafiya ya ajiye maganin asibiti domin an ce masa ga wanda zai raba shi da ciwon har abada.

Doka ba ta yi shiru ba a nan, ko da yake 'yan kasuwa da yawa ba su san da ita ba. Dokar Abinci da Magunguna, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta hana a tallata wa jama'a wani abinci ko magani a matsayin mai warkarwa ko mai rigakafin wasu cututtuka da ta lissafa, kuma ƙiba da ciwon sukari da hawan jini da ciwon ƙoda duk suna cikin jerin. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, ita ke yi wa magungunan gargajiya da abubuwan ƙari ga abinci rajista. Abin da yawancin masu haɗa magani ke samu lamba ce ta wucin gadi mai harafin L a ƙarshe, ta shekara biyu, wadda ke nuna an duba wurin aiki an kuma yi gwajin guba na farko. Lambar ba shaida ba ce cewa maganin yana warkarwa, shi ya sa ake tilasta a rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai shi ba. Cikakkiyar rajista ta shekara biyar sai an yi gwaji a kan mutane. Talla ma, a rediyo ne ko a Facebook, sai an nemi izini. A watan Yunin 2023 hukumar ta rufe wata masana'antar maganin gargajiya a Jihar Kaduna wadda kayanta suka yi tashe a Arewa, inda ta ce an ba maganin lamba ne domin basir, amma aka riƙa tallarsa a matsayin maganin cututtuka barkatai.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hanyar da ta fi tabbas ga mai ƙaramin jari a Tumfure da kewaye ita ce ya sayar da waɗannan itatuwa a matsayin abinci mai tsabta, da sunansu na gaskiya, ba tare da alkawarin warkarwa ba: busasshen zoɓo a jakar shayi babu sukari, garin zogale na miya da kunu, garin kuka, tsamiya da aka cire wa ƙwallo, tataccen ƙaro. Likita ba zai hana mara lafiyarsa sayen irin wannan ba, yana ma iya tura shi, kantunan zamani za su karɓa, hukuma kuma ba ta da abin kamawa. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo aka soma karɓa a tsakiyar 2022, alama ce ta inda manufar gwamnati ta dosa.

Akwai kuma batun kuɗin musaya. Hulba da kirfa da habbatus sauda yawanci daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu yana bin dala. Zogale da zoɓo da kuka da tsamiya kuwa na gida ne. Ana samunsu a kasuwannin ƙauye da na birni, zogale kuma yana ba da ganye rani da damina in ya sami ruwa, abin da filayen noman rani na madatsar Dadin Kowa, gabas da Gombe, za su iya bayarwa. Na gida ma ba ya rasa nasa haɗarin. Annobar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna a daminar 2023 ta sa farashin citta ya ninka, masu haɗa shayi da ita suka shiga tsaka mai wuya.

Wajen sarrafawa ne ake cin riba ko a yi faɗuwa. Ganyen zogale a inuwa ake shanya shi, a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa, domin rana tana ƙona korensa ta rage amfaninsa. Shanya a gefen kwalta, inda ƙurar hunturu da hayaƙin mota da kashin dabbobi ke sauka, ita ce hanyar da ƙwayoyin cuta ke shiga. Abin da bai bushe sarai ba yana yin fumfuna a buhu, fumfuna kuma tana haifar da guba mai lalata hanta. Injin da aka niƙa barkono da masara da safe bai dace a niƙa garin shayi a cikinsa da rana ba. Kowane zubi yana bukatar lamba da kwanan wata, a kuma ajiye samfurinsa, domin in ƙara ta taso a san daga gonar da ya fito. NAFDAC tana da ofishi a Gombe, da ɗakunan gwaji a Kaduna da Maiduguri.

Mai hangen kasuwar waje ya dubi abin da ya sami zoɓo. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, wanda yawancinsa daga Jigawa da Kano da Katsina yake fitowa, Maigatari kuma na cikin manyan cibiyoyin cinikinsa. A 2018 ƙasar ta dakatar da sayen saboda wani ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, farashi ya faɗi a hannun manoma da 'yan sari, sai bayan wasu shekaru na tattaunawa da hukumar killace amfanin gona ta Nijeriya aka sake buɗe ƙofar bisa sharaɗin feshi da dubawa. Wanda ya ce zai kori ƙwaron da fiya-fiya kuma ya tuna da wake, wanda Tarayyar Turai ta hana shigar da shi daga Nijeriya a 2015 saboda ragowar irin wannan maganin ƙwari. Dokokin ƙasashe ma sun sha bamban: Barazil ta hana sayar da zogale a matsayin abinci a 2019, tana mai cewa ba a gabatar mata da hujjar rashin cutarwarsa ba, kuma masu sayarwa suna yi masa iƙirarin warkar da cututtuka.

Wanda ke da babban jari da dogon haƙuri, yana kuma ganin yana riƙe da haɗin da ke aiki da gaske, hanyarsa ita ce ta ɗakin gwaji. Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, tana da tsangayar harhaɗa magunguna, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin gari inda masu ciwon sukari da hawan jini ke zuwa awo, ga Jami'ar Tarayya ta Kashere a cikin ƙaramar hukumar Akko ɗin kanta. A matakin ƙasa akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja da hukumar bunƙasa magungunan gargajiya ta NNMDA a Legas. An taɓa bin wannan hanya a ƙasar nan. A shekarun 1990 NIPRD ta karɓi wani haɗin maganin amosanin jini daga hannun wani mai maganin gargajiya bisa rubutacciyar yarjejeniya, haɗin da ya ƙunshi ganyen dawa da kanumfari da masoro da wani itace, ta gwada shi a kan marasa lafiya, ta sa masa suna Niprisan. Aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin a Abuja a 2006 da sunan Nicosan. Bashi ya karya uwar kamfanin a 2008, aka soke lasisin a 2009, maganin ya ɓace daga kanta alhali marasa lafiya na nemansa. Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker domin a koma yin sa.